Wutar Inna Yalwa

A garin Kwarin Tama an yi wani maƙeri mai suna Sallau, mutum mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, wanda ya yarda har cikin ransa cewa babu abin da ya gagari wuta. Ƙarfe ya ƙi lanƙwasa, a ƙara wuta. Tuwo bai yi daɗi ba, wuta ce ta yi kaɗan. Ina jin da za a kawo masa ma'aurata su yi ƙarar juna, cewa zai yi a miƙo gawayi.

Shekarunsa hamsin da 'yan kai, amma mahaifiyarsa, Inna Yalwa, ba ta fasa kiransa Auta ba. A daminar da wannan abu ya faru an yi marka ta kwana tara, rana ba ta leƙo ba, sanyi ya shiga ƙasusuwan tsohuwa. Sallau ya ƙera mata kaskon ƙarfe da hannunsa. Safe da yamma yakan cika shi da gawayin ƙirya, wanda yake alfahari da shi don ba ya hayaƙi ko kaɗan. Ya toshe tagar ɗakinta da tsumma, ya ja ƙofa ya rufe don kada ɗumi ya zurare. Amma maimakon sauƙi sai Inna ta fara ciwon kai da jiri. Tana cin abinci, abincin ba ya zama ƙarfi. A rana ta tara ko ludayi ba ta iya ɗagawa, barci kawai take yi mai nauyi. Sallau ya ƙara mata gawayi ya koma maƙera, yana dukan ƙarfe ba tare da ya san abin da yake ƙerawa ba, domin tsoro ya kama shi cewa uwarsa mutuwa za ta yi.

Da hantsi sai ga wata 'yar tsohuwa a bakin maƙera, tsawonta bai wuce taɓarya ba, riƙe da tsingaro. Ana ta yayyafi, amma zanenta a bushe yake.

"Salamu alaikum, masu wuta. Na zo ɗiban wuta."

A Kwarin Tama ba a hana mai ɗiban wuta, ba a kuma tambayarsa daga wane gida yake. Sallau ya sa awartaki ya ɗauko garwashi zai ɗora mata, sai ta janye tsingaron.

"Wannan wutar waje ce, ɗan Adam. Tana ci da haɗama ta ƙare a toka. Mu tamu ce ke mutuwa, wadda ke cikin jikin mahaifiyarka."

Sallau ya ajiye awartaki a hankali. "Iya, ke mutum ce ko aljan?"

"Ni ce Jakadiyar Uwar Murhu. Ƙasarmu tana cikin kowane mai rai, amma tun da aka kafa ta ba a taɓa gayyatar ɗan Adam ba sai yau. Murhunanmu suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya tsaya, ranar za ku yi wa Yalwa sutura. In kana son ka gani da idonka, taka wannan tsingaro. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da ka gani, ka tambaya kafin ka taɓa."

Sallau ya ce ya yarda. Ya rataya ƙaramin zuga-zuginsa, ya soke awartaki a ƙugu, ya jefa ƙyastu a aljihu, don a ganinsa maƙeri ba ya zuwa gyaran murhu hannu rabbana. Yana ɗora ƙafa kan tsingaro sai duniya ta fara girma. Uwar maƙera ta zama dutse, ɗigon ruwa ya zama tafki, kafin ya gama bismilla tsingaron ya tashi da su, ya ratsa tsakar gida, ya shige ta ƙarƙashin ƙofar Inna. A tsakiyar ɗakin ya hango kaskonsa ya zama wani jan tsauni mai walƙiya, har ya ɗan ji daɗi a ransa cewa aikinsa ya yi kyau. Inna ta ja numfashi, guguwar ta kwashe su ta yi ciki da su.

Suka gangara wani dogon kogo mai rassa, kowane reshe ya haifi rassa, har suka faɗo a wata gaɓa mai laushi inda jan kogi ke wucewa. Jiragen ruwa ne a kansa ba iyaka, jajaye, zagayayyu kamar faifai, ba matuƙi ba filafili.

"Nan ce Mashigar Iska," in ji Jakadiya. "Waɗannan jirage su ke ɗaukar 'Yan Iska Mai Rai su kai su kowane birni na ƙasar nan. Dubi gaɓa."

Sallau ya duba. Ga 'Yan Iska Mai Rai nan tsaye bibbiyu, hannu cikin hannu, fararen tufafi, suna jira. Jirage na zuwa suna wucewa, amma kujerun da yawa a cike suke da wasu baƙi marasa launi, marasa inuwa, sun miƙe ƙafa kamar masu gida. Da Sallau da Jakadiya suka sami wuri a wani jirgi, sai baƙin suka rusuna gaba ɗaya.

"Barka da zuwa, ubangidanmu. Allah ya ja zamaninka."

Sallau ya amsa gaisuwar, ya ce a ransa ashe mutanen nan suna da tarbiyya. Ya so ya tambayi Jakadiya dalilin wannan girmamawa, amma a lokacin kogin ya shiga wani kwazazzabo, ruwa ya yi sama da su ya yi ƙasa, wata ƙatuwar ƙofa ta buɗe ta tura su ta rufe. Ya ƙanƙame gefen jirgi ya manta da tambaya. Daga can kogin ya rabu, ya sirance, har jirage suka koma tafiya ɗaya bayan ɗaya suna gogar bango.

Suka sauka a Ƙasar Zuciya. Ƙasa ce da ke motsi a ƙarƙashin ƙafa, ta tsuke ta saki, ta tsuke ta saki, kuma duk tsukewa sai an ji amon ganga. Jakadiya ta ce gangar nan tun kafin a haifi Yalwa aka fara kaɗa ta, ba a taɓa hutawa ba. Sallau ya saurara. Ko shi da ba makaɗi ba ya ji kiɗan yana tuntuɓe.

Birane ne jere da juna, kowanne da ganuwarsa. Suka shiga ɗaya. A dandalin birnin wasu ƙarti na fasa ƙwayoyin sukari biyu-biyu da gatari, suna haki.

"Wannan tuwon da ta ci jiya ne, ya iso nan a matsayin sukari," in ji Jakadiya. "Masu gatari sukan sami dunƙulen ƙarfi biyu kacal daga kowace ƙwaya. Da shi birnin ke lallaɓawa yanzu, kuma ba zai kai su ko'ina ba. Asalin aikin yana can."

Ta nuna masa gidaje masu siffar wake, dubbai, cushe a tsakanin igiyoyin da ke tsuke ƙasar. Kowane gida katanga biyu gare shi, ta waje sumul, ta ciki a ninninke kamar zanen da aka tura cikin adaka. Suka shiga mafi girmansu. A tsakar gidan wata mace ce zaune kan tabarma, ba za ka ce tsohuwa ce ba, ba za ka ce yarinya ce ba, fuskarta na ba da ɗumi. Sallau ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, na amsa kira."

"Maraba da ɗan Yalwa," in ji Uwar Murhu. "Masu ilimin zamaninku suna kiran gidajen nan mitokondiriya, suna mai wuya kamar tauna tsakuwa. Mu Gidan Murhu muke cewa. Tashi ka ga aikinmu, ko abin da ya rage daga cikinsa."

Ta zagaya da shi. Da farko ya ga mata takwas zaune a da'ira. Akan miƙo musu gutsuren sukarin da aka fasa a dandali, ta farko ta karɓa ta miƙa wa ta biyu, haka har ya zagayo. A hanya suna zare masa tartsatsi ɗaya-ɗaya kamar mai cire ƙaya daga kifi, suna ɗora wa masu dako. Abin da ya rage iska ce mara amfani, sai a kore ta waje ta bi kogi ta fita da numfashi.

Masu dako kuma sukan kai tartsatsin jikin katangar ciki, inda wasu matasa suke jere a kan matakala, kowane a ƙasa da na bayansa. Na sama ya karɓa ya miƙa ƙasa, na ƙasa ya miƙa gaba. Duk lokacin da tartsatsi ya sauka mataki, da ƙarfin saukarsa ake jan guga, a ɗaga ruwa a zuba a tsakanin katangun nan biyu, har wurin ya cika ya tumbatsa. Ruwan ba shi da hanyar dawowa sai ta wata 'yar ƙofa, kuma a cikin ƙofar an kafa mazari. Ruwa ya bi, mazari ya juya, kowane juyi ya matso dunƙule uku masu sheƙi.

"Waɗannan su ne dunƙulen ƙarfi," in ji Uwar Murhu. "Da su ake ɗaga ludayi, da su ake ƙifta ido, da su ake kaɗa gangar da ka ji. Wanda aka ci ƙarfinsa yakan dawo da gutsure, mu sake manna masa ya koma aiki. Ƙwayar sukari ɗaya, in ta bi ta hannunmu, takan ba da wajen talatin. Ɗumin da ke fita daga aikin kuma shi ne ɗumin jiki."

Haka dai ya kamata abin ya kasance. Amma a ranar matasan tsaye suke cik, kowa riƙe da tartsatsinsa ya rasa wanda zai miƙa wa. Mata takwas sun naɗe hannu, gutsattsarin sukari ya taru tuli a gabansu. Ruwan katanga ya ja baya, mazari yana juyi ɗaya ya tsaya ya yi tunani kafin ya ƙara wani.

Sallau ya dubi tulin nan, ya dubi mazari, ya ji gangar ƙasa ta sake tuntuɓe. Ga makamashi jibge, ga mutane sun zuba ido, ba wanda ya kunna wuta. Abin da ya gani ke nan, don idon maƙeri ne da shi. Sharaɗin Jakadiya ya fice masa daga kai. Ya zaro ƙyastu ya ƙyasta, ya durƙusa ya kama zuga-zugi.

Tulin ya kama gaba ɗaya. Harshen wuta ya tashi har rufi, tartsatsi ya watsu ya huda katangar ciki, ɗan ruwan da ya rage ya zurare ta hudar ba ta ƙofar mazari ba. Kafin a ce kwabo wuta ta cinye komai ta mutu, ta bar toka. Sallau ya duba ƙarƙashin mazari, ko dunƙule ɗaya bai samu ba, mazarin ma ya tsaya.

Babu wanda ya yi masa tsawa, kuma wannan ya fi masa ciwo. Masu gyara suka zo shiru suka kama liƙe huda.

"Ka gani, ɗan Yalwa," in ji Uwar Murhu. "Abin da wutarka ta cinye a numfashi ɗaya, da shi za mu riƙe gidan nan tsawon yini. Mu ma ƙonawa muke yi, amma mataki-mataki, don mu tatsi kowane tartsatsi kafin ya huce. Sannu ba ta hana zuwa. Ba makamashi muka rasa ba, kuma ba zafi ba."

Sallau ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Na yi laifi, ranki ya daɗe. Yanzu ina tambaya. Me kuka rasa?"

"Je ka ƙarshen matakala ka gani."

Ya gangara. A mataki na ƙarshe akwai wata kujera. Jakadiya ta ce nan 'Yan Iska Mai Rai ke zama su karɓi tartsatsin da ya gama aiki, su haɗiye shi su zama ruwa, wasu su maye gurbinsu. In babu mai karɓa a ƙasa, na sama ba ya iya miƙawa, sai layin duka ya tsaya. Yanzu 'Yan Iska kaɗan ne ke isowa don an cinye musu wuri a jirage, waɗanda suka iso kuma sun tarar da ɗaya daga cikin baƙin nan marasa inuwa ya harɗe a kan kujerarsu.

Wannan karon Sallau ya nemi izini, aka ba shi. Ya sa awartaki ya kama baƙon a wuya ya ja da ƙarfin da yake jan ƙarfe, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Baƙon ko gezau, sai ma ya yi murmushi.

"Kada ka wahalar da kanka, ubangidanmu. Mu ba a tashinmu da ƙarfi. In iska mai kyau ta yawaita ta yi mana rinjaye, mukan tashi da kanmu, sannu a hankali. Amma duk ɗayan da ya tashi goma na biye, domin mai aiko mu ba ya gajiya."

"Wane azzalumi ne ke aiko ku?" in ji Sallau. "Faɗa mini sunansa."

"Ai mun gaishe ka tun a jirgi. Mu ne 'Ya'yan Garwashi. A kan gawayi ake haifarmu duk inda wuta ke ci a rufaffen wuri. Ba mu da wari, ba mu da launi, shi ya sa ake yabon gawayinmu da cewa ba ya hayaƙi. Da taga a buɗe take da mun bi iska mun watse. Kai ka toshe ta da tsumma, kai ka ja ƙofa, safe da yamma kana ƙaro mu. Wa ya kai ka yi mana hidima?"

Awartaki ya suɓuce daga hannun Sallau. Ya tuna jan tsaunin da ya gani a ɗaki ya ji daɗi. Ya tuna cewa ko da safen nan sai da ya ƙara cika kasko, ya kuma danna tsumman da ya ga ya ɗan saki. Ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, yana hawaye. Garin gyaran gira ya kusa rasa ido.

Uwar Murhu ta zo ta tsaya a kansa. "Ƙauna ce ta sa ka, mun sani, shi ya sa muka aika maka ba mu aika wa wani ba. Kuma akwai zumunci tsakaninmu da kai. A garinku idan wuta ta mutu a gida, ina ake zuwa?"

"Gidan maƙwabta, ranki ya daɗe, a ɗebo."

"To mu daga wuri ɗaya kawai ake ɗebo mu. Uba yakan ba ɗa kamanni da suna, wani lokaci har da taurin kai. Amma Gidan Murhu daga uwa yake fitowa. Duk murhun da ke cikin jikinka, wanda ke ɗaga maka masaba kana dukan ƙarfe, daga na Yalwa aka ɗebo irinsa, ita ma daga na uwarta, haka har can baya inda lissafi ya ɓace. Tashi. Aikin da ya rage ba a nan yake ba, kuma ba ya bukatar zuga-zugi. Yinin da ka yi a wurinmu numfashi kaɗan ne a wurinku, amma gangar ba za ta jira ka da yawa ba."

Jakadiya ta kai shi bakin kogi ta saka shi cikin ayarin iskar da ake korewa waje. Ta ce ita a nan za ta tsaya, mai ɗiban wuta ba ya daɗewa a gidan mutane. Kogi ya ɗauke shi, ya bi ta kwazazzabo, ya fito Mashigar Iska, ya hau kogon nan mai rassa. Inna ta saki wani numfashi siriri, ya faɗo tsakar ɗaki da cikakken girmansa.

Nan take ya ji kansa ya sara. Ya banke ƙofa, ya fizge tsumman taga, ya naɗe hannu da rigarsa ya ɗauki kasko ya kife shi a tsakar gida cikin ruwan sama, garwashi ya yi ta tururi har ya mutu. Ya koma ya sungumi Inna, ba ta fi nauyin damin kara ba, ya kawo ta rumfar ƙofar ɗaki inda iska ke kaɗawa. Ya leƙa ta katanga ya roƙi maƙwabcinsa ya nemo mota a kai ta asibiti. Sannan ya zauna kusa da ita yana ƙirga numfashinta.

An daɗe. Yayyafi na sauka a kan rumfa, kaji sun fake a gindin rumbu. Can sai numfashin ya fara zurfi, yatsunta suka motsa, ta buɗe ido ta dube shi, ta dubi kaskon da ke kife a cikin taɓo.

"Auta," ta ce da ƙyar, "yau kuma kai da wuta kuka yi faɗa?"

"Mun yi, Inna. Ni ne mara gaskiya."

"Ikon Allah. Ashe zan ga wannan rana." Sannan ta takure. "To ka fito da ni cikin sanyi, ka kashe mini kasko. Ƙafafuna kamar ƙanƙara. Da me zan ji ɗumi?"

Sallau ya lulluɓe ta da bargo. Ya matsa ya ɗauki ƙafafunta biyu ya ɗora a cinyarsa, ya rufe su da tafukansa masu kanta, ya riƙe. A hankali sanyin ya fara barinsu.

"Kai, hannunka da ɗumi," in ji Inna, idonta a lumshe. "Ina ka samo wannan wuta?"

"Taki ce, Inna," in ji Sallau. "Tun tuni na ɗebo, yau na dawo miki da ita."